Akushin Abba

Tun da Hamdiyya ta fara son Ɗantala, Umma ba ta taɓa yi masa kallon mutum ba sai ranar Asabar ɗin nan. Abin takaici kuma, ranar ce jininsa ya zuba a tsakar gidansu.

Laifinsa a wurin Umma ba boyayye ba ne. Ɗan masassaƙa ne daga Izom. Ubansa turmi da taɓarya da akushi yake sassaƙawa ya kai kasuwa, shi kuma ya ajiye gizago ya ɗauki fensir da burushi, yana rubuta allunan shaguna a cikin Suleja yana 'yan zane-zanensa.

Su Hamdiyya kuwa 'yan Zariya ne. Aikin gwamnati ya kawo marigayi Abbansu Abuja, tsadar haya ta turo su unguwar Wambai a Suleja, har suka zama 'yan gari. Umma ta sha faɗa cewa ita ba ta yi wahalar karatun 'yarta don ta ƙare a gidan da ake kwana ana tashi cikin garin katako ba.

Yaya Faruk ma ya fi Umma zafi, don shi yana da nasa ɗan takarar, wato amininsa Ghali, dillalin filaye a Maje, mai baƙar mota da turare mai hawa kai. Hamdiyya kuwa ko sunansa ta ji sai abinci ya fita ranta.

To, sai ga shi a 'yan kwanakin nan Faruk ya sauko. Ba wani abu ya sauko da shi ba illa tausayi. Ya ga ƙanwarsa ta zabge, ta dawo daga aiki ta shige ɗaki ba ci ba magana. Ran nan da safe yana ɗaure takalmi ya ce, "Ke, ki ce wa mai fentin naki ya zo ya gaida Umma. Ban ce na yarda ba fa, na dai gaji da ganin ƙashin wuyanki."

Wayyo farin ciki! Ranar har rawa ta taka a kicin.

Ranar Asabar bayan la'asar Ɗantala ya yi sallama, cikin farar shadda da ta sha guga, rungume da wani abu mai faɗi a naɗe da takarda. Bai gama durƙusawa ba sai ga Ghali ya faɗo gidan yana kaɗa makullin mota, wai wucewa yake yi ya ce bari ya leƙo Umma. Wucewa ina? Ya ja farar kujera ya harɗe, kamar da shi aka yi shawarar zaman.

Umma na kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta amsa gaisuwar Ɗantala can cikin maƙoshi.

"Umma, ga wata 'yar tsaraba," ya ce, kansa a ƙasa. "Ba wani abin kirki ba ne, aikin hannuna ne."

"Ajiye nan."

Hamdiyya ce ta matso ta ware takardar. Ta jingina abin da bango, ta koma gefe.

Zane ne a cikin firam mai gilashi, da fensir da gawayi kawai aka yi shi. Ba mutum a ciki, ba tsuntsu, ba fure. Akushi ne guda ɗaya, baƙi wuluk, a zaune shi kaɗai.

Umma ta ɗaga ido da niyyar kallo ɗaya ta kawar da kai. Kan bai kawu ba.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Wannan ai akushin Malam ne."

Akushin kuwa da tarihinsa. Na kakansu ne, Abba ya taho da shi daga Zariya, kuma har ya koma ga Allah bai yarda ya ci tuwo a wani mazubi ba. Da aka zo rabon gado, ƙannensa suka kwashe abin da za su kwasa, har suka miƙa hannu kan akushin. A ranar Umma ta rungume shi a gaban kowa ta rantse: duk wanda ya ƙetare ƙofar gidan nan da shi, ko daga cikinta ya fito, ba ta yafe ba duniya da lahira. Tun daga nan yake kife a saman sif a uwar ɗakinta. Ranar Juma'a kaɗai take sauko da shi ta zuba wa Faruk tuwo, ta wanke da hannunta ta mayar.

Umma ta jawo zanen kan cinyarta. Yatsanta ya fara bin gilashin.

"Faruku, zo ka gani. Dubi layukan wutan nan na bakinsa, har inda ƙarfen ya kauce wa mai yin ya karkace. Kai! Ga tsagar nan, ga ɗinkin wayar da Malam ya yi da kansa ranar da ka yar da shi kana rarrafe."

Faruk ya tsuguna a gefenta.

"Umma, dubi nan," ya ce, murya ta canza. "Inda babban yatsan Abba yake zama in ya jawo shi gabansa. Wurin ya lotsa ya yi santsi. Wallahi har shi ya fitar."

"Ga sawun gizago a cikinsa, kamar ka sa hannu ka ji gurbin," Umma ta ce. Hawaye ya ɗiga kan gilashin, ta sa bakin mayafi ta goge da sauri kamar za ta ɓata aikin. "Yaro, hannunka ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Umma."

"Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Hamdiyya ta juya baya ta toshe baki, don kukan daɗi ya taso mata. Abin da ta yi kasada dominsa ke nan. Ita ce ta ga tsagar akushin tana ƙaruwa, ta ji tsoron wata rana a wayi gari babu shi. Ta ɗauki hotonsa a waya ta kai wa Ɗantala, ya ce hoto ba ya nuna jijiyar itace, sai ya riƙe shi a hannu. Ranar da Umma ta tafi bikin suna a Madalla, ta sauko da akushin ta ɓoye cikin hijabi ta kai masa shago, kafin magariba ta mayar da shi inda yake. Sai da ta dawo gida rantsuwar Umma ta dawo mata sabuwa, ta kira Ɗantala tana kuka ta gaya masa komai. Suka yi da shi cewa duk wanda ya tambaya, a hoto ya gani.

Ghali dai yana kan kujera yana karkaɗa ƙafa, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa.

Umma ta ƙara matso da zanen kusa da idonta.

"Abin da ya fi ba ni mamaki ƙyallin nan. Haka yake sheƙi lokacin Malam yana da rai. Bayan rasuwarsa duk ya bushe ya yi fari-fari. Ya aka yi ka san asalin kalarsa?"

Yabo ya riga ya ratsa Ɗantala, jinin gidansu ya motsa. Ɗan masassaƙi ba ya iya ganin itace yana jin ƙishi ya ƙyale shi. Ya ɗago yana murmushi, baki ya riga hankali.

"Ai Umma ƙishi ne ya dame shi. Da na shafe shi da man kaɗe ya sha ya ƙoshi, nan take ya dawo da..."

Ya tsaya. Ya kalli Hamdiyya.



Ghali ne ya fara magana, a sanyaye, har da ɗan murmushi.

"Sori fa, ban ji da kyau ba. Ka shafe shi? Umma, ni dai na san akushin nan ba ya fita ɗakinki. Ko an fara shafa wa hoto mai ne ban sani ba?"

Faruk ya miƙe a hankali.

"Kai. A ina ka taɓa akushin ubana?"

"Yaya, a waya na..." Hamdiyya ta fara.

"Rufe mini baki! Da ke nake?"

Ɗantala ya dubi Umma, ya dubi Hamdiyya da ta ƙanƙame jikinta tana girgiza masa kai. Ya san abin da ke jiranta in gaskiya ta fito. Ya sunkuyar da kai.

"Ni na shigo na ɗauka. Ranar ba kowa a gidan. Hamdiyya ba ta sani ba."

Bai rufe baki ba Faruk ya ɗauke shi da mari, irin wanda ake ji har waje. Hularsa ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata. Kafin ya dawo daidai an ƙara masa naushi a baki, ya kife kan siminti.

"Ɗakin uwata? Uwar ɗakin uwata ka shiga, ɗan iska, ɓarawo?"

"Yaya, don Allah! Yaya!"

Hamdiyya ta riƙe rigarsa, ya yi jifa da ita ta bugu da randa. Ghali ya tashi da sauri, ba don ya raba ba. Ƙofar gida ya je ya danna wa sakata, ya dawo yana naɗe hannun riga.

Maman Rut, malamar asibiti mai haya a ɗakunan baya, ta fito da kumfar wanki a hannu.

"Faruk! Abeg, mene ne haka? Za ka kashe ɗan mutane?"

"Madam, koma ɗakinki, maganar gida ce," in ji Ghali.

Umma ta ajiye zanen, ta shiga ɗaki, ta fito da akushin a hannu biyu. Ta kai shi hanci ta shinshina, ta shafa cikinsa ta murza yatsunta. Fuskarta ta sauya.

"Biri ya..." ta fara, sai ta haɗiye maganar. "Ni fa na ji wani wari a jikinsa kwanaki, na ce ko hancina ne. Na ga ya yi baƙi, na ce ko idona ne." Ta ajiye shi kan tabarma kamar mai ajiye garwashi.

Nan Ghali ya samu ƙofar da yake nema. Ya tafa hannu ya yi salati da ƙarfi.

"Faruk, tsaya! Tsaya ka yi tunani. Juma'ar da ta wuce a me ka ci tuwo?"

Faruk ya tsaya yana haki.

"Wacce ta gabace ta fa? To yaushe ka fara cewa a bar yaron nan ya zo gidan nan? Kai da ko sunansa ba ka son ji? Ni wallahi na yi ta mamaki, na ce me ya samu abokina. Ashe a tuwo aka ba ka!"

Kai, Ghali mugu ne. Ya san inda zai soka ya soka. A garin nan wa bai san labarin saurayin da ya karɓi kwanon gidan budurwa ya kai wa boka ba? Mazubin abincin maigida ya fita waje, ya dawo da wani abu a shafe a jikinsa, sannan zuciyar mai ci a ciki ta juya. Ko wa ka gaya wa haka, abu ɗaya zai ce maka.

Faruk ya dafa cikinsa. Tausayin da ya ji wa ƙanwarsa, wanda ya fito daga zuciyarsa tsakani da Allah, yanzu ƙyamarsa yake ji kamar ya ci mushe. Ya tofar da yawu.

"Ni ka yi wa asiri? Ni? A akushin ubana?"

"Wallahi man kaɗe ne," Ɗantala ya ce, jini na bin haɓarsa. "Yaya Faruk, man kaɗe ne zalla. Haka muke yi wa kowane itace a gidanmu, in ba haka ba tsagewa zai yi. A ba ni shi in lashe a gabanku. A zuba ruwa a ciki in shanye."

"Ji ɗan rainin hankali," Ghali ya ce. "Wanda ya haɗa abu ai yana da makarinsa."

Faruk ya sunkuya ya fizgi zanen da ɗazu ya kusa sa shi kuka. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu ya rotsa a kan Ɗantala. Gilashi ya tarwatse. Goshin ya dare, jini ya wanke farar shaddar nan har ƙirji. Faruk ya zare bel ɗinsa ya shiga zabga masa ta wajen ƙarfen, Ghali na tayawa da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, duk inda takalmi ya samu.

Ɗantala bai rama ba. Ya dunƙule, ya cusa hannunsa na dama a hammata yana kare shi da sauran jikinsa.

Maman Rut na ihu tana kiran sunan Yesu, mutane sun fara dukan ƙofa daga waje. Hamdiyya ta rarrafa ta faɗa kan ƙafafun Umma.

"Umma, ki hana su! Za su kashe shi, Umma!"

"Wanda ya shiga ɗakina ya zuba wa ɗana magani? Sake mini ƙafa."

"Bai shiga ba! Wallahi tallahi bai taɓa taka ɗakinki ba!"

"To aljani ne ya kai masa?"

Hamdiyya ta ɗago. Ta san abin da kalmar za ta jawo mata, ta san Umma ba ta mayar da rantsuwa. Ta ji wani tim, Ɗantala ya yi wani nishi da ba na lafiya ba.

"Ni ce," ta ce. "Ni na kai masa."

"Hamdiyya, kar ki..." Ɗantala ya yunƙura, Ghali ya mayar da shi da ƙafa.

"Ni na sauko da shi ranar da kika je Madalla. A hijabina na ɓoye shi, na kai shago, na dawo da shi. Ƙarya ya yi muku don ya rufa mini asiri. Umma, tsagar ce na ga tana buɗewa, na ce kar wata rana mu rasa shi gaba ɗaya, ko kamanninsa ne a samu a ajiye miki. Don ke na yi, Umma, wallahi don ke na yi!"

Faruk ya saki bel ɗin. Umma ta zuba wa 'yarta ido.

"Ke? Kina tsaye a wurin ranar da na rantse. Kina riƙe da zanena kina kuka."

"Ina wurin, Umma."

"Kika ɗauke shi kika ƙetare ƙofar nan."

"Na tuba, Umma. Ki dake ni, ki yanka ni, amma shi ba shi da laifi."

Da a ce Ghali ya yi shiru a nan, da watakila abin ya tsaya a kuka da faɗa. Ina! Ya ga abin na neman kuɓuce masa, ya matso kusa da Umma ya rage murya kamar mai jaje.

"Umma, kar ki ga laifinta. Hamdiyyar da muka sani, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da izininki, ita ce za ta take rantsuwarki da hankalinta? Ai da ita ya fara. Ya gama da ita, ya aike ta ta kawo masa, ya gama da Faruk. Saura ke. Wannan zanen da ya kawo, Allah kaɗai ya san abin da ke jikinsa, ga shi har kin sa masa albarka."

Umma ta dubi hannuwanta da suka shafa gilashin, ta shiga goge su a zani.

"Ƙarya kake yi, munafuki!" Hamdiyya ta daka masa tsawa. "Ko maza sun ƙare a duniya ba zan aure ka ba, Ghali! In asiri ne son da nake masa, to Allah ya ƙara masa ƙarfi!"

"Ka ji ko?" Ghali ya ce da Faruk. "Ka ji bakinta? Wannan ƙanwarka ce?"

Idon Faruk ya kaɗa ya yi jawur. Ya waiga, ya hango taɓarya a jingine da turmi a bakin kicin. Ya je ya ɗauko ta.

"Da wane hannu ka shafa?"

Ɗantala ya ƙara cusa hannun a jikinsa.

"Ghali, fito mini da shi."

Suka yi kokawa a ƙasa cikin fasassun gilashi. Ɗantala ya riga ya galabaita, Ghali ya murɗe hannun ya shimfiɗa shi kan siminti, ya take wuyan hannun da takalmi. Yatsun nan dogaye, masu baƙin gawayi a ƙarƙashin farce, suka baje.

A nan ne Ɗantala ya yi kuka. Duk dukan da ya sha bai roƙi kowa ba sai yanzu.

"Yaya Faruk, ka karya ƙafata. Ka karya na hagu. Don girman Allah ka bar mini wannan, da shi nake ci, da shi nake ciyar da tsohona. Na bar Hamdiyya, wallahi na bar ta, ka bar mini hannuna!"

"Ba ka bar ni ba!" Hamdiyya ta yi kansa ta kwanta a kan hannun. "Sai dai ka haɗa da ni, Yaya!"

Faruk ya damƙi hijabinta ta baya ya fizge ta, ya wurgar. Ta faɗi kan tabarmar Umma, goshinta ya bugi wani abu mai tauri. Akushin ne.

"Faruku," Umma ta ce, muryarta ta soma rawa. "Faruku, ya isa haka."

Bai ji ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga taɓaryar sama da hannu biyu kamar mai shirin dakan hatsi.

Hamdiyya ba ta yi shawara da kowa ba, har da zuciyarta. Ta suri akushin, ta yi sufa ta tsakanin ƙafafun Ghali, ta kifa shi a kan hannun Ɗantala.

Taɓarya ta sauka.

Ƙarar ba ta yi kama da ta ƙashi ba. Wani ƙas ne mai kauri, sannan wayar ɗinkin Abba ta tsinke ta yi tsalle. Akushin ya dare ta tsohuwar tsagar, ya rabe, wani ɓangaren ya gangara har bakin kwata yana juyi kafin ya kwanta.

Ba wanda ya motsa.

Taɓaryar ta suɓuce daga hannun Faruk. Ya dubi ɓallin itacen, ya dubi hannuwansa, sai ya sulale ya zauna daɓas a ƙasa.

"Abba," ya ce, kamar ƙaramin yaro. "Wayyo Abba."

Ghali ya janye ƙafarsa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ba mai kallonsa, ya lallaɓa ya zare sakata. Mutanen da ke waje suka turo, shi kuma ya bi ta tsakaninsu ya sulale, ko sallama babu.

Maman Rut ce ta fara isa wurin Ɗantala. Ta ture guntayen itacen, ta ɗaga hannun tana lallatsawa. Bayansa ya kumbura, wani tsinken itace ya shige fata, jini na tsattsafowa.

"Motsa yatsun. Motsa mana, my pikin."

Ya motsa su ɗaya bayan ɗaya. Duka suka amsa.

"Godiya ga Allah, bai karye ba. Ku kama mini shi, goshin nan sai an ɗinke. Wa ke da Keke Napep a waje?"

Maza suka ciccibe shi. Yana waiwaye yana kiran sunan Hamdiyya da fasasshen baki har aka fita da shi.

Ita kuwa tana durƙushe inda take, idonta a kan Umma.

Umma ta taso. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba, kuma wallahi da ta yi zagin da ya fi sauƙi. Ta bi tsakar gidan a sunkuye tana tsintar guntayen akushin tana zubawa a mayafinta, manya da ƙanana. Ta sa hannu cikin kwata ta ciro wanda ya gangara, ta goge shi a ƙirjinta. Har 'yar wayar sai da ta nemo.

Hamdiyya ta ja gwiwa ta isa gabanta, ta kama gefen zaninta.

"Umma."

Umma ta ci gaba da haɗa guntayen a mayafi.

"Umma, ki dube ni. Ban san na ɗauka ba, wallahi ban sani ba. Gani na yi za a nakasa shi a kan laifina. Umma, Abba ma da yana nan ba zai bari a karya hannun bawan Allah a gidansa ba. Ki ce wani abu, ko tsine mini ne ki yi in ji muryarki."

Umma ta ƙulle bakin mayafin a kan guntayen, ta rungume su. Sai a lokacin ta sauke ido kan 'yarta. Idon a bushe yake ƙamas.

"Hannun nasa ya tsira?"

"Ya tsira, Umma."

"Ba abin da ya same shi?"

"Maman Rut ta ce bai karye ba."

Umma ta gyaɗa kai. Ta sa hannu ta zare zaninta daga yatsun Hamdiyya, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"To madalla. Tashi ki bi shi asibiti, ki riƙe hannun nan da kyau, don shi kaɗai ya rage miki."

Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.